Asabar Ɗin da Na Wanke Teku

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe mini komai, da Asabar ɗin da na wanke teku tas da soso da sabulu. Kada mai karatu ya ce na fara ruɗewa. Tekun da nake nufi a cikin akwatin gilashi yake, a ɗakin kimiyya na makarantarmu a Parakou, kuma ni kaɗai na yi aikin, ba wanda ya sa ni.

Zamanin juyin juya hali ne, farkon shekarun tamanin, lokacin da kowa ya koma kamarad. Malami kamarad, mai gadi kamarad, hatta Gwaggona da ke tuyar ƙosai a unguwar Guéma an taɓa kiranta kamarad a ofishin unguwa, ta dawo gida tana tambaya ko zagi ne. Kowace makaranta tana da lambunta, don an ce ɗalibi ma sai ya ci guminsa, Asabar kuwa ranar shara ce da goge-goge. Ni a Djougou aka haife ni. Gwaggo, ƙanwar babana, ita ta roƙa aka ba ta ni, na zo ina karatun kolej a hannunta.

Mahaifiyata, Inna, tana Kwatano. Sun rabu da babana tun ban fi tsayin turmi ba, ta yi wani auren a Zangon can, ni kuma na zauna a dangin uba kamar yadda aka saba. Ba wanda ya hana ni zancenta, amma ba wanda ya taɓa ɗauko shi. Abin da ya rage mini nata shi ne wushiryarta da ƙamshin man kaɗe, fuskar kuwa ta fara ɓace mini. Ina kewarta ƙwarai, irin kewar da ba a faɗa wa kowa, don a gidanmu abin kunya ne a ji yarinya tana cewa tana son ganin uwarta.

To, ana nan sai malamarmu ta kimiyya, Madam Filomen, ta dawo daga hutun ƙarshen shekara da kaya niƙi-niƙi. 'Yar bakin teku ce, gajeriya, ba ta duka, ba ta kuma yawan dariya. Ta sauko daga jirgin ƙasa da jarkoki cike da ruwan teku, da buhun yashi, da wasu duwatsu masu rami-rami a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ta sa aka fito da wani tsohon akwatin gilashi da ke ajiye a ɗakin kimiyya, ta shimfiɗa yashin, ta jera duwatsun, ta juye ruwan, ta jona wani ɗan inji mai hura iska yana ɓul-ɓul. Daga ƙarshe ta buɗe wata kwalba ta fito da ciyayi, wani kore mai faɗi kamar ganyen salak, wani siriri kamar gashin tsuntsu, wani ja-ja, ta maƙala su a jikin duwatsun.

Muka yi layi, kowa ya tsoma yatsa ya lasa. Yawancinmu ba mu taɓa ganin ruwan da ya fi na kogi ba, sai tofar da yawu ake yi ana yamutsa fuska. Wani ya tambaya ina kifin.

"Babu kifi tukuna," in ji Madam. "On attend, jira za mu yi. Sai ruwan ya nuna."

Sannan ta faɗi maganar da ta hana ni sukuni. Ta ce idan ruwan ya nuna, a hutu mai zuwa za ta koma Kwatano ta ɗauko ƙananan kifaye wurin 'yan'uwanta masunta, kuma za ta tafi da ɗaliba ɗaya ta taya ta riƙon jarka, wadda ta fi kowa kula da akwatin. Sauran yara teku suka ji. Ni Kwatano na ji, daga nan kuma kunnena ya toshe.

Da na koma gida na faɗa wa Gwaggo, ina ta kewaye-kewaye, wai ilimi ne, wai juyin juya hali yana son 'ya'ya mata su san ƙasarsu. Ta ci gaba da juya ƙosanta ba ta ko dube ni ba.

"In madam ɗin taku ta zaɓe ki, ni zan yi wa Yaya magana," ta ce. "Zangon Kwatano ba ya ɓata wa mai baki."

Ashe ta gane tun kafin na rufe baki. Na ji kunya, na kuma ji daɗin da ban taɓa ji ba.

Tun daga ranar na zama baiwar akwatin nan. Ni ce goge gilashi ta waje, ni ce share ƙarƙashin tebur, ni ce gaida Madam sau ba adadi a yini ɗaya. Abokiyar takarata ita ce Rakiya, 'yar unguwar Ganou, wadda muke zama benci ɗaya. Ita teku take son gani don ta zo ta yi mana fankama, ni kuwa ina ganin ai ko don Allah ya kamata ta bar mini. (Ban taɓa faɗa mata dalilina ba, amma hakan bai hana ni jin haushin rashin tausayinta ba.)

Sai ga saƙo daga Djougou, za a yi bikin 'yar baffana, kuma Kaka ta ce ƙafata ƙafar Gwaggo. Na yi kukan karatu, aka ce karatu ba zai gudu ba. Na bar akwatin ruwansa garau kamar idon zakara, na bar Rakiya tana murmushi.

A Djougou aikin da Kaka ta ba ni shi ne wankin randuna, don baƙi za su cika gida. Kakata mace ce da ke auna mutuncin gida da cikin randarsa. Tana iya yafe miki ƙone tuwo, amma ba ta yafe gansakuka. A gabana ta zura hannu a randar matar wani jikanta, ta fito da yatsa kore, ta ɗaga shi sama kowa ya gani.

"Macen da randarta ta yi gansakuka," in ji ta, "kada a tambaye ni sauran labarinta."

Baiwar Allah nan har aka watse biki ba ta ƙara ɗaga kai ba. Ni kuwa na goge randunan Kaka har sai da ta shafa cikinsu ta ce Allah ya yi mini albarka, hannuna na wanki ne. Na dawo Parakou da wannan yabo a kaina kamar gammo.

Biki ya ja, hanya ta ja, sai da muka kusa mako biyu. Ranar Juma'a na shiga makaranta, na zarce ɗakin kimiyya na leƙa ta taga. Gilashin ya yi dusu-dusu da wani abu ruwan ƙasa. Yashin da na bari fari ya koma kamar an barbaɗa masa garin daddawa. Duwatsun sun tsiro gemu kore, ciyayin nan sun bazu sun kama ko'ina, kuma a can ƙasa ga wani guntun kifi yana ruɓewa. Na tambayi Madam, aka ce an tura malamai taron wayar da kai, sai Litinin.

Me kuke tsammani na ce a raina? Na ce Rakiya ta kashe kanta. Har tausayinta na ji, na ɗan lokaci. Da na tambaye ta ko da kalma ɗaya, da ta faɗa mini cewa duk kwanakin da ba na nan Madam ba ta koyar da komai ba sai labarin wannan ƙazantar. Amma na yi gum, don kada ta farga ta riga ni. An ce matambayi ba ya ɓata, to ni ranar nan na ƙi tambaya da gangan.

Asabar da safe aka raba aiki. Aka tura su Rakiya sharar bakin titi, ni kuwa na yi wuf na ce ɗakin kimiyya nawa ne. Na zo da shirina daga gida, soson Gwaggo, sabulun salo, ɗan ruwan jabel mai cire dattin fararen kaya a kwalba, da ƙullin gishiri da na ɗebo a madafa ba da saninta ba.

Na fara da kwashe ruwan da bokiti. Da yake rani ne, kuma Kamarad Darakta, shugaban makarantarmu, ya sha faɗa mana cewa zubar da ruwa zagon ƙasa ne ga juyin juya hali, ban zubar ba. Na kai shi lambun makaranta na shayar da tumatir, kunya bayan kunya, har ina raba shi daidai don kada wata ta ce an yi mata rowa. (Na san da gishiri a ciki. Na ce ai kullum tumatir da gishiri suke haɗuwa a tukunya, ban taɓa jin sun yi faɗa ba.) Ciyayin na tuttuge su na watsa wa zomayen makaranta, suka shinshina suka juya mini baya. Ko wannan bai sa na tsaya na yi tunani ba.

Duwatsun na dirje su da soso, na jiƙa su a jabel, na shanya a rana har suka yi fari fat. Yashin na wanke shi kamar shinkafar biki. Gilashin kuwa sai da ya koma kamar babu shi. Na mayar da komai mazauninsa, na jawo ruwan rijiya mai sanyi na cika akwatin, sannan na kwance ƙullin gishirina. Ina barbaɗawa ina motsawa da hannu ina ɗanɗanawa, yadda Gwaggo ta koya mini a miya, har sai da na ji ya yi daidai da abin da harshena ya tuna. Wallahi har tunanin ɗan jefa kanwa na yi. Na jona injin, ya ci gaba da ɓul-ɓul ɗinsa kamar ba abin da ya faru.

Na ja da baya na dubi aikina, na ga jirgin ƙasa, na ga kaina a bakin wata ƙofa a Zango ina sallama. Ranar Lahadi har na wanke atamfata ta Sallah na ninke, na yi ta gwada abin da zan fara ce wa Inna. Na kasa zaɓa tsakanin "Ina wuni" da "Ni ce."

Litinin aka taru a gaban tuta, aka yi waƙa, aka ɗaga hannu aka yi kirarin da aka saba. Kamarad Darakta ya riga ya zagaya da sassafe ya leƙa ɗakin kimiyya, shi ma kuma, Allah ya jiƙansa, iliminsa na teku bai wuce nawa ba. Ya ce a cikin aikin Asabar akwai wanda ya burge shi, wa ya gyara akwatin gilashi? Na ɗaga hannu tun bai ƙarasa ba. Ya kira ni gaba, ya dafa kafaɗata, ya ce ga 'yar juyin juya hali ta gaskiya, wadda ba ta jira a sa ta, kowa ya yi koyi da ita. Aka tafa mini. Na saci kallon Rakiya don na ga yadda hassada ke yi wa fuska, sai na ga ta dafe baki da hannu biyu, idanunta sun fito. Na ce a raina, ai dole.

Ana cikin tafin Madam Filomen ta fito daga ɗakin kimiyya. Hannunta a jiƙe, tana riƙe da farin dutse ɗaya. Ta ratso layi a hankali har ta tsaya a gabana.

"Ma fille, 'yata," ta ce, "ina ruwana yake?"

"Na canja shi, Madam. Ya yi datti."

"Wannan na ciki fa?"

"Na rijiya ne. Amma na sa gishiri." Sai na ƙara da cewa, "Na ɗanɗana, ya ji."

Wani daga layin manya ya fara dariya, aka ce masa shit. Madam ta tambayi ciyayin, na ce suna wurin zomaye, amma ba su ci ba, in tana so a kwaso. Ta rufe ido. Kamarad Darakta, da hannunsa ke kafaɗata har lokacin, ya ga abin yana neman lalacewa, sai ya sa baki don ya cece ni, ya ce aƙalla dai yarinya ta yi niyyar alheri, tsohon ruwan ina ta kai shi?

"Ban zubar ba, Kamarad Darakta," na ce da ƙarfi, don a nan na san ina da gaskiya. "Na ba tumatir."

Makaranta gaba ɗaya ta juya ta dubi lambu, don daga gaban tuta ana hango shi. Tumatir ɗin da muka yi wata da watanni muna yi wa bauta, wanda Darakta ke shirin nuna wa baƙi daga ofishin lardi, duk ya sunkuyar da kai ya yi yaushi kamar an zuba masa ruwan zafi. Na ji hannun nan ya sauka daga kafaɗata a hankali. Dariyar da ta biyo baya har malamai a ciki, ni kuwa ina tsaye a inda aka tafa mini, ina roƙon ƙasa ta tsage. Garin gyaran gira na rasa ido, kuma a gaban tuta. Kafin a tashi tara na samu suna, Kamarad Jabel, wanda ya bi ni har na gama makarantar.

Da aka tashi, Madam ta aika a kira ni. Na shiga ina jiran faɗa, da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta zaunar da ni gaban akwatin, ta maimaita mini darasin da na rasa. Ta ce sabon akwati mai sheƙi kabari ne ga kifi, don ƙazantar da kifin zai fitar ita za ta kashe shi. Sai an bar wasu halittu da ido ba ya gani sun hayayyafa a cikin yashi da ramukan duwatsu, su ne ke narkar da dafin, ciyayin kuma su shanye abin da ya rage su girma da shi. Guntun kifin da na gani ita ta jefa shi da hannunta don ya zama abincinsu. Ruwan ƙasan nan da koren nan su ne alamar abin ya kama. Aikin mai kula da akwati a wannan lokaci, in ji ta, shi ne ya ƙara ɗan ruwa in ya ƙafe, ya kuma riƙe hannunsa. Saura ƙiris ya nuna.

Na ce ko za a iya sake kawo wani ruwan. Ta ce ƙanenta da ke aiki a jirgin ƙasa, wanda ya taimaka mata da jarkokin, an mayar da shi wani wuri. Ta ɗauki farin dutsen ta shinshina, ta ajiye.

"Babana ne ya tsinko ciyayin nan a duwatsun bakin tashar jiragen ruwa," ta ce. "Ɗana ne ya riƙe masa kwalbar. In an fita tara nakan shigo nan na buɗe murfin, don warin gida."

Ban san tana da ɗa ba. Ta ce yana can wurin kakarsa, tun da aka turo ta arewa sai a hutu take ganinsa, yanzu ma ya fara kiran kakar da mama. A nan ne kukan da na riƙe tun safe ya ƙwace. Na faɗa mata abin da ban taɓa faɗa wa kowa da bakina ba, cewa ni ba kifi nake so ba, ba teku ba, uwata ce a Kwatano. Sannan na yi mata tambayar da ta fi ƙarfin shekaruna.

"Madam, kina tunawa da shi? Ko in an daɗe ana mantawa?"

"Tous les jours," ta ce. "Kullum. Ba a mantawa, ma fille. Shiru kawai ake yi."

Ba a ɗauko kifi a hutun nan ba, tunda ba inda za a sa su, don haka ba a bukaci mai riƙon jarka ba. Madam ta tafi ita kaɗai, a ƙarshen shekara kuma aka yi mata canjin wurin aiki. Rakiya ta yi wata guda ba ta yi mini magana ba, tana da gaskiya. Gwaggo da ta ji labari ta yi dariya har ta zauna, daga baya ta ga atamfar da na ninke, ta ƙara mini ƙosai. Akwatin kuwa aka koma ajiye alli a ciki.

Ban ga Inna ba sai a bikina. Ta zo da 'ya'yan da ban sani ba, muka gaisa kamar surukai, kowa na kallon tabarma. Ana gobe za ta koma, don dai na kashe shirun da ke tsakaninmu, na ba ta wannan labari. Ta yi dariya sosai a wurin gishiri, ta ƙara a wurin tumatir. Sannan ta tambaye ni wace shekara ce, na faɗa mata. Ta daɗe tana gyara bakin mayafinta.

"Lokacin a bayan tashar jirgin ƙasa muke haya," ta ce. "Duk ranar da jirgin arewa zai iso, sai na ƙirƙiro sayen wani abu na fita, na tsaya ina kallon masu sauka."



Darasin da na koya bai taka kara ya karya ba, amma na biya shi da tsada. Ba duk abin da ya yi kore ba ne yake jiran sosona. Yau in na tarar da abu zaune lafiya cikin ƙazantarsa, sai na ɗaure hannuna a baya na nemi mai shi tukuna. Surukata tana cewa ba ta taɓa ganin tsohuwar da ke neman izini kafin ta wanke kofi ba, ni kuwa na bar ta da mamakinta, don ita ba ta taɓa wanke hanyar zuwa wurin uwarta da jabel ba.